Ɗaki na Uku a Gidan Teta Drita

Teta Drita, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata, kuma ke ce ya kamata ki fara ji. Na yi miki ƙarya a kan yayana Nadir, kika yarda da ni. Wata bakwai ina cewa a raina, Asabar mai zuwa zan faɗa miki. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da safe, Allah Ya karɓi ranki a bayan gidan nan na Mooroopna inda Nadir yake zaune, kina cikin shanya. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Ina aji aka zo aka kira ni ofishin makaranta. Madar ce a waya, mahaifiyata, tana kuka har ban gane abin da take cewa ba sai a karo na uku. Na ce to. Na ajiye wayar, na yi wa matar ofishin godiya, na koma aji na ƙarasa lissafin da aka ba mu. Har yau ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, ina wanke kwanuka. In mutane suna magana, kamar daga wani ɗaki nake jin su.

Neville ne ya fara ganinki, dattijon da suke gida ɗaya da Nadir, wanda yake kiranki Shugaba. Ya tari ma'aikaciyar da ta zo canjinki a bakin ƙofa ya ce mata, "Shugaba ta kwanta a ciyawa, kuma ciyawar a jiƙe take. Na ce ta tashi, ta ƙi." Likita ya ce zuciya ce.

'Yarki Mirela ta ce kowane iyalin da kika yi wa aiki ya rubuta shafi ɗaya, za a haɗa a yi littafi kafin sadakar arba'in. Madar ba ta rubutu, Baba yana gonar tuffa daga safe har magariba, Nadir kuma ba ya magana. Saboda haka ni ce. Sunana Marzia, shekarata sha huɗu. Nawa zai wuce shafi ɗaya, Mirela, ki yi haƙuri. In kin ga bai kamata ya shiga littafin ba ki cire, amma ki karanta tukuna.

Shekara uku ke nan da wani abu da kika fara zuwa gidanmu, Teta. Lokacin Nadir yana da shekara ashirin, kuma Madar ce ke ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, sau shida ko bakwai a yini. Bayanta ya lalace har sai a zaune take sallah. Aikinki shi ne ki samo wa naƙasassu gidajen da aka gina musu, ki kuma samo wa gidajen mutanen da za su iya zama tare. Da na fassara wa Madar haka, sai ta ce in gaya miki ki sha shayinki ki tafi, mu ba ma jefar da 'ya'yanmu, kuma me mata za su ce a masallaci. Ina da shekara sha ɗaya lokacin. Na rage maganar, na ce miki kawai mun gode.

Kika sha shayin, kika tafi. Bayan mako biyu kika dawo da faranti cike da burek, irin gurasarku mai alayyafo a ciki, kika cire takalmi, kika zauna a ƙasa duk da ciwon gwiwarki. Ba ki fito da takarda ko ɗaya ba. Madar ta kawo miki bolani, irin tamu gurasar, kika ci biyu, kika ce mini, "Gaya wa mahaifiyarki girkinta ya fi nawa. Amma in ta faɗa wa mijina, zan rantse ban faɗa ba." Madar ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Sai a zuwa na uku kika shiga maganar. Kika ce, "Gaya mata ba ɗanta na zo ɗauka ba. Daga nan zuwa can minti goma sha biyar ne a bas. Ta je kullum in tana so, ta dafa masa abin da ta ga dama, ta yi faɗa da ma'aikata in sun sa masa riga a karkace. Ɗagawar nan kawai za ta bari."

Madar ta juya ta dubi Nadir. Can ta ce, "In na mutu fa?"

Kika ce, "Shi ya sa na zo tun kina da rai, 'yar'uwa."

A ranar ne kika lura da ni. Nadir yana tura kekensa da ƙafar hagu. Yana jin muryarki, sai ya tura, ya juya miki baya, ya zauna haka. Baƙi sukan ji kunya in ya yi musu haka, su ɗauka korarsu yake yi. Ke kuwa sai kika dube ni kika ce, "Me ya ce?" Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Mutane sukan ce me ke damunsa, ko me yake so. Na gaya miki yayana Nadir ba ya juya wa wanda yake tsoro baya. In bai yarda da mutum ba, ido yake kafa masa har ya fita. In ya juya baya to ya yarda ne, ya huta da gadi. Kika ciro ɗan littafinki daga jaka kika rubuta, sannan kika ce, "To daga yau ke ce bakinsa a wurina."

Kusan shekara guda kika yi kina bin takardunsa. Sau biyu aka mayar da su, kika sake cikewa, kika sake kai shi wurin masu gwaji, kina tsokanarsa a mota cewa ya fi firaminista yawan takardu. Ranar da ya tare, kekensa ya shige kowace ƙofa ba tare da ya goge bango ba. A rufin ɗakinsa akwai na'urar da ke ɗaga mutum daga gado ta kai shi har banɗaki. Da aka ɗaga shi ya yi sama, sai ya fashe da dariya. Madar ta miƙa hannu ta taɓa igiyar na'urar, ta daɗe tana riƙe da ita.

Su uku ne a gidan: Nadir, da Neville, da wani tsoho Clarrie. Madar ta damu da maganar naman alade, don Neville ba ya karyawa sai da shi. Ba ki hana shi ba, ba ki kuma ce wa Madar ta yi haƙuri ba. Kika sayo kasko dabam, kika shafa wa mariƙinsa jan fenti, kika ba shi ƙusarsa shi kaɗai can nesa da sauran. Duk Asabar in na zo, sai Neville ya ɗaga shi ya ce, "Farfesa, kar ki taɓa, wannan kaskon 'yan wuta ne." Farfesa yake ce mini don ba na magana, wai ina ajiye ta ne sai an biya ni. Ke kuma ki ce masa, "Neville, ka bar yarinya ta huta. Kai da za ka yi shiru na minti biyar, da na yanka rago."

Wata Asabar kika jera kofi uku a tebur kika nuna mini yadda gidan yake tafiya. Kowannensu gwamnati tana ba shi kuɗin kulawa, amma na mutum ɗaya ba zai riƙe ma'aikaci dare da rana ba, na biyu ma bai kai ba. Sai an haɗa na ukun. Shi ya sa in ɗaki ya zama babu kowa, ofis yake son a cike shi da sauri, da duk wanda takardarsa ta yi daidai. Ke ba ki yarda da haka ba. Na taɓa jin ki a waya kina ce wa shugabanki, "Ba wurin ajiye mota ba ne, yallaɓai. Tarin mutumin nan za su riƙa ji ta bango shekara ashirin."

Kina da taki hanyar. A ɗan littafinki kina rubuta abin da babu a takardun ofis: wa ke ƙure talabijin, wa ke tashi tun biyar na asuba, wa ke buga ƙofa, wa ba ya jure ƙamshin soyayyar albasa. Duk mai neman ɗaki sai ya zo sau uku. Na farko shayi, na biyu abincin yamma, na uku ya kwana. Bayan kowane zuwa sai ki tambayi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya ƙi, magana ta ƙare, ko da wanda ya ƙi ba ya iya furta kalma. Neville yana faɗin nasa da bakinsa, har da ƙari. Na Nadir kuwa ni kike tambaya.

Clarrie ya rasu a watan Agustan bara. Ke kika kwashe kayansa, kika wanke labulen, kika bar ƙofar a buɗe don Neville ya daina ƙwanƙwasawa. Mutum biyu suka zo neman ɗakin. Ɗaya ba ya jure hayaniya, ya toshe kunne tun a shayi. Ɗayan iyayensa suka fasa. Sai a watan Oktoba Darcy ya zo.

Shekararsa talatin da ɗaya. Ya faɗo daga babur a gonar kakansa yana ɗan sha tara, kansa ya bugu. Shi ma a keke yake, kuma duk abin da ya zo bakinsa shi yake faɗa, da ƙarfi. Mahaifiyarsa Noeleen ta kusa saba'in, ita kaɗai ke kula da shi. Ba na nan ranar shayi, amma kin ce ya yi kyau, har sun yi musun ƙwallo da Neville. Zuwa na biyu ya faɗo ranar Asabar, ina nan.

Za a sayo soyayyen kifi da dankali daga shago. Darcy ya miƙo mini takardar shagon ya ce, "Ke ƙanwa, idona ɗaya ya yi ritaya, karanto mana abin da suke da shi." Kowa ya juyo yana kallona. Na zo ƙasar nan ina da shekara tara, kafin nan ban taɓa shiga aji ba. A zuci ina karatu, a hankali. Amma in a gaban mutane ne, sai in riƙa sarƙewa. Na fara, na tsaya a layi na biyu, na sake farawa, na tsaya a na uku.

Darcy ya ce, "Kafin ki gama ai kifin ya koma kogi. Ni da aka fasa wa kai ma na fi ki sauri."

Neville ya buga tebur ya ce, "Farfesa ta faɗi jarrabawa."

Noeleen ta ce, "Darcy, bakinka."

Ya ce, "Wasa nake yi, Mama. Ta san wasa ne. Ko ba haka ba, ƙanwa?"

Na ajiye takardar a tebur. Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Amma Nadir ma ya yi dariya, irin babbar dariyarsa da yake mayar da kai baya. Sannan ya tura da ƙafarsa, ya juya wa Darcy baya, ya ci gaba da matsawa har tayarsa ta taɓa tayar Darcy. Haka ya zauna har aka gama cin abinci. Ban taɓa ganin ya matsa kusa da baƙo haka ba. Darcy ya ce, "Mutumin naku fushi yake yi da ni ne?" Kika ce, "Za mu ji." Ni kuma na shiga banɗaki na kunna famfo na tsaya.

Ke kika mayar da ni gida. Muna kan gada kika ce, "To, me ya ce?"

Na ce, "Bai so shi ba."

Kika ce, "Amma ya juya baya, 'yata. Har matsawa ya yi."

Na ce, "Juyawar iri biyu ce. Wannan kafaɗarsa a ɗage take. Juyawar ƙi ce."

Babu wata juyawa iri biyu, Teta. A nan cikin motarki na ƙirƙiro ta. Yayana ya so shi, kuma ya yi mini dariya tare da shi, ni kuma ba na son in riƙa ganin mutumin nan kowace Asabar. Iyakar dalilina ke nan.

Kika ci gaba da tuƙi har muka shiga Shepparton, garin da muke zaune. Sannan kika ce, "Ke kika tashi da shi. Ni jiya na san shi." Can kuma kika ce, kamar da kanki kike magana, "Na so yaron Noeleen ya sami ɗakin nan." Da zan sauka kika riƙe hannuna kika ce kada maganar karatun ta dame ni, mahaifinki har ya rasu da yatsa yake bin layi, kuma gona uku ya bari. Wani lokaci ina tunanin kin gane. Wani lokaci kuma ina ganin ba ki gane ba, kin dai ba ni gaskiya ne fiye da idonki. Ban san wanne ya fi nauyi ba.

Ranar Litinin kika kira Noeleen kika gaya mata.

Daga nan ɗakin ya zauna. An ci gaba da biyan kuɗinsa na ɗan lokaci, sannan aka daina. Ofis ya ce a rage ma'aikata ko a raba Nadir da Neville. Ba ki gaya wa Madar wannan ba, daga baya muka ji. Abin da muka gani kawai shi ne kin fara zuwa gidan da kanki tun shida na safe, kwana huɗu a mako, ki yi wa Nadir wanka, ki aske Neville, ki yi wanki, sannan ki wuce ofis ki yi naki aikin. Shekararki sittin da ɗaya. In Madar ta tambaye ki, sai ki ce likita ne ya ce ki riƙa motsa jiki, kuma nan ya fi wurin motsa jiki araha. Mutum uku kuma suka sake zuwa shayi. Ba wanda ya kai zuwa na uku.

A watan Maris na kusa faɗa miki. Na same ki zaune a matakalar baya, kin cire takalmi, ƙafafunki sun kumbura. Kika ba ni tuffa ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya aiko. Na tsaya a kanki riƙe da ita. Kika ɗago kika ce, "Akwai magana?" Na ce a'a. Kika ce, "Ke da yayanki, sai mai iya jira. Ni kuwa na iya." Sai Neville ya kira ki daga ciki, wai an sace masa safa, kika tashi da ƙyar kina cewa ɓarawon da zai saci safar Neville ya cancanci a tausaya masa.

Ranar Juma'a aka yi miki sallah a masallacin Albaniyawa. Mu mata muka je gidanki. Ɗanki Ilir ya ce wa mutane zuciyarki ta daɗe tana ba ki wahala, shekara shida kina shan magani, kin hana a faɗa. Ya ce babu abin da wani zai iya yi. Na ji shi. Amma ni na san adadin safiyar da kika yi a gidan nan, na kuma san dalilin da ya sa kika yi su. Ban ce ni na kashe ki ba. Rai na Allah ne, lokaci ma nasa ne. Ban dai san inda zan ajiye wannan ba.

Noeleen ta zo gaisuwa. Ta ɗaura ɗankwali a karkace, tana tafiya tana dafa bango. Na ji tana gaya wa Mirela cewa tun watan Oktoba ba ki taɓa yin mako biyu ba ki kira ta ba, kina nema wa Darcy wani wurin, kina tambayar bayanta. Har yanzu yana gida, ita ke ɗaga shi. Ta ce, "Ko da ta ce mana a'a, ban ji haushinta ba. Ta ce yaron gidan ne bai so ba, kuma gidansa ne." Da ta gan ni sai ta yi murmushi ta ce, "Ke ce yarinyar nan. Darcy ya ce in na gan ki in ce ki yi haƙuri, bakinsa ba shi da birki." Na ce ba komai. Na tashi na kwashe kofuna.

Asabar da ta wuce, wadda aka ba aikinki ta zo gidan su Nadir. Sunanta Bronwyn, mai kirki ce, tana ta ba da haƙuri. Ta zo da takarda daga ofis, kuma ni na fassara wa Madar. In ba a sami mutum na uku ba kafin ƙarshen watan Yuni, za a rufe gidan. Akwai gado ɗaya a wani gida a gefen Melbourne, za a ba Nadir. Neville kuma za a kai shi Wodonga. Melbourne tafiyar awa biyu da rabi ce, Madar ba ta tuƙi, Baba kuma ranar Lahadi kawai yake hutu. Na faɗa mata duka da bakina, ban rage komai ba wannan karon.

Madar ta ce in tambaya ko babu kowa a jerin masu nema. Bronwyn ta buɗe takardunki ta ce, "Akwai wani Darcy. Komai nasa ya yi daidai, kuma har yanzu yana nema. Amma Drita ta rubuta da hannunta: bai dace ba, Nadir ya ƙi. Ni kwana goma na yi a aikin nan. Ba zan tsallake rubutun Drita ba."

Na fassara wannan ma. Madar ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Gaskiyarta. In Nadir ya ƙi, ya ƙi. Marzia ta sani."

Neville yana bakin ƙofa yana saurare. Ya ce, "Ni ba inda za ni. Shugaba ta ce nan ne gidana har in tsufa." Bronwyn ta ce ai ba a yanke komai ba tukuna. Ya ce, "To ki gaya musu na riga na tsufa, a bar ni."

Nadir kuwa tun ranar da kika tafi bai juya wa kowa baya ba. Yana zaune ya fuskanci ƙofar gaba, ya kafa mata ido. Ma'aikatan suka tambaye ni me yake nufi, na ce ban sani ba. Na sani.

Ga inda abin ya tsaya, Teta. Kowa yana girmama hukuncinki, shi ya sa babu mai taɓa shi, kuma hukuncin ba naki ba ne, nawa ne, da rubutun hannunki. Shekara ashirin da biyu kika yi a wannan aiki, mutane suna cewa ba ki taɓa haɗa waɗanda ba su dace ba, ba ki kuma taɓa raba waɗanda suka dace ba. Sau ɗaya kika yi kuskure, kuma dalilin shi ne kin yarda cewa yaron da ba ya magana yana da ra'ayi, kika nemi jin ra'ayin a wurin wadda ya kamata ta sani. Ina so duk wanda ya karanta wannan ya gane ba hanyarki ce ta lalace ba.

In na faɗa, Madar za ta ji. Za ta san 'yarta ce ta sa ɗakin ya zauna wata bakwai, kuma ban san yadda za ta dube ni ba. Wataƙila ba za a sake tambayata me Nadir ya ce ba, ko an tambaya ba za a yarda ba. Wataƙila haka ya kamata. Kuma ko na faɗa, ban sani ba ko lokaci zai isa, ko Noeleen za ta yarda ta dawo bayan ta ji dalilin da ya sa aka ƙi ɗanta.

Allah Ya jiƙan ki, Teta Drita Kodra. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata miki kabarinki kamar yadda kika yalwata wa mutane ƙofofi. Ya Allah, ta ɗauke wa mahaifiyata nauyin da ya kusa karya ta, Ka ɗauke mata nauyin hisabi. Ta tambayi marasa baki abin da suke so, Ka ba ta abin da take so ba tare da ta roƙa ba. Ka sanya safiyoyin nan da ta yi a gidan Mooroopna a ma'auninta, duka, har waɗanda bai kamata a ce ta yi ba. Ka sa Aljanna ce makomarta.

Ina yi wa mijinta Bashkim ta'aziyya, da 'ya'yanta Ilir da Mirela, da jikokinta uku, da Neville, wanda ba a saka shi cikin jerin dangi ba amma har yau yana ajiye mata kofi a tebur. Allah Ya ba ku haƙuri. Madar da Baba suna gaishe ku, sun ce bashinta a kanmu ba ya biyuwa sai dai addu'a. Mirela, Ilir, ban san yadda ake neman gafarar wanda ya rasu ba, shi ya sa nake nema a wurinku. In ba za ku iya yanzu ba, na gane.

Jiya da rana na je ofishin makaranta na roƙi matar ta ba ni aron waya. Na kira Bronwyn. Na faɗi sunana sau biyu kafin ta ji, na ce ina da magana a kan ɗaki na uku, da Darcy, da abin da aka rubuta. Ta ce in zo ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, ta tambaya ko da mahaifiyata zan zo. Na ce a'a, ni kaɗai zan zo. Madar kuma zan gaya mata ranar Laraba, bayan ta idar da sallar la'asar.